Wa ke cinye jan ƙasa a fadama?

Baba mai shinkafa: Assalamu alaikum. Jiya Malam ya ce wai wasu halittu da ido ba ya gani ne ke mayar da jan ƙasa toka-toka a fadama. Ni fa ban yarda ba. Tun ina saurayi nake noma, ruwa ne ke wanke jan, kamar yadda rini ke koɗewa.

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Baba. Jan nan tsatsar ƙarfe ce, kuma tsatsa ba ta narkewa haka kawai. Dubi marmarar da ke kan tudu, damina nawa ta sha? Har gobe ja take. Amma in ruwa ya kwanta, iskar cikin ƙasa ta ƙare, sai bakteriya, wato halittun nan da ido ba ya gani, su koma numfashi da tsatsar, suna cin ruɓaɓɓiyar ciyawa. A nan ƙarfen ke sauya kama ya narke.

Ɗaliba: Gaskiya ne. A 1987 wani masanin kimiyya mai suna Derek Lovley ya samo irinsu a lakar kogin Potomac a Amurka, ana kiransu Geobacter. Sai dai Malam, ba su kaɗai ba ne. Inda laka ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, sinadarin sulfa ne ke narkar da tsatsar da kansa, shi ya sa lakar ke yin baƙi.

Malamin gona: To wa ya samar da warin, 'yata? Wasu bakteriyan ne dai.

Ɗaliba: Haka ne, amma ba su suka taɓa tsatsar ba. Da bambanci.

Mai haƙa rijiya: Ni abin da na gani zan faɗa. Akwai rijiyar da za ka ɗebo ruwa garau, ka bar shi a bokiti, da safe ya yi ja, har ya ɓata farar riga.

Malamin gona: Yauwa! Narkakken ƙarfen ne ya sha iska ya koma tsatsa. Shi ne kuma ke ƙona ganyen shinkafarka, Baba, ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa daga bakin ganye. Ka janye ruwa kwana biyu ƙasa ta sha iska, ka ƙara takin fotash.

Baba mai shinkafa: Janye ruwa na yarda, na ga amfaninsa. Batun halittun nan dai da saura. Gobe in Allah ya kai mu zan haƙo lakar mai toka-toka in shanya a rana. In ta yi ja, zan turo hoto.