Waɗanda suka zauna a ƙasar da aka ƙaƙaba wa takunkumin ciniki, yaya abin yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da na fahimta da takunkumi shi ne gwamnati ta hana 'yan kasuwarta saye da sayarwa da wata ƙasa, ko dai kaya gaba ɗaya ko wani nau'i kamar makamai da man fetur, don a matsa wa shugabanninta su sauya hali ba tare da an harba bindiga ba. Wannan a takarda ke nan. Ina son jin ta bakin waɗanda suka gani da idonsu.

Tsohon ɗalibi a Khartum: Wa alaikumus salam. Na yi karatu a Sudan lokacin takunkumin da Amurka ta sa a 1997 yana aiki. Kasuwa cike take da kayan China da na ƙasashen Larabawa, baƙo ba zai ce akwai matsala ba. Sai ka zo cire kuɗi. Katin banki na waje bai da amfani, kuɗin makaranta sai a ba wani matafiyi ya zo da su a aljihu. Wasu manhajojin ma da ka taɓa su sai a ce ba a yarda ƙasar da kake ta sauke su ba. Abin da ya fi ci mini rai a asibitin koyarwa ne: na'urar gwajin jini ta tsaya wata da watanni saboda ɗan ƙaramin ƙarfe da ya lalace, an rufe ta da zani, marasa lafiya na komawa gida.

Ma'aikaciyar banki: Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mafi yawan dokokin nan sun cire magani da abinci daga cikin haramcin. Amma wa zai tura kuɗin? Tun da Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 kan hulɗa da Sudan da Iran da Cuba, kowa ya shiga taitayinsa. A teburina, da na ga sunan irin waɗannan ƙasashe a takardar biya, ko da na maganin yara ne, sama nake miƙawa, can kuma sau da yawa a ce a mayar wa mai ita. Ba wanda yake son ya sa hannu.

Ma'aikacin jirgin ruwa: Gaskiyarki Hajiya. Mu ma haka. Takunkumin da Amurka ta sa wa Cuba tun 1962 yake, amma wata dokar Amurka ta 1992 ce ta shafe mu: jirgin da ya sauke kaya a can ba zai shiga tashar Amurka ba sai bayan kwana 180. Mai jirginmu ya sha ƙin ɗaukar kayan Havana, kuma shi ba Ba'amurke ba ne.

Mazaunin Doha: Ni nawa daban ne. Ran 5 ga Yunin 2017 Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Qatar, aka rufe iyakar ƙasa ɗaya tilo. Ranar kantuna suka cika, kowa na jidar kaya. Cikin 'yan kwanaki sai ga madarar Turkiyya a kan kanta, muna ta juya kwali don ba mu iya karanta rubutun ba. Daga baya har shanu aka riƙa shigo da su ta jirgin sama. Aka sasanta a Janairun 2021, ni dai ban taɓa kwana da yunwa ba. Mai kuɗin iskar gas ba a toshe masa hanya, sai dai ya biya tsada.

Tsohon ɗalibi a Khartum: To ka ga bambancin, ɗan'uwa. An ɗage na Sudan a Oktoban 2017, amma abokaina da ke can sun ce an daɗe bankunan waje ba su saki jiki ba. Hajiya, ku a wurinku yaushe kuka fara karɓar takardun Khartum?