Cigiyar kalma: me za mu kira "porter" da Hausa?

Salama, ƴan uwa masu aikin fassara. Na zo da cigiya. Ina juya wani rubutu ne zuwa Hausa a kan tarihin ci da sha na birnin Landan, sai na yi karo da kalmar porter, kuma ba sau ɗaya ba, kusan kowane shafi sai ta leƙo. Sunan wata giya ce mai duhu. Kwana huɗu ke nan aikin ya tsaya cak a kanta.

Na san za a ce me ya haɗa ni da giya. Ba na sha, addinina ya hana. Amma abin da aka hana ma sai da suna ake hana shi. Hausa tana da giya, tana da barasa, tana da burukutu da bammi, kuma ba mashaya kaɗai ke furta su ba. Likita na buƙatarsu, ɗan jarida na buƙatarsu, mai wa'azi ma haka. Sannan masu jin Hausa ba duka ne Musulmi ba, akwai Kiristoci, akwai Maguzawa. In muka bar gurbin fanko, mai karatu zai haɗiye kalmar Turanci bai san me ya haɗiya ba.

Ga asalinta a taƙaice. A Landan aka fara dafa ta, wajen farkon shekarun 1720. Sunan kuwa na mutane ne: porter shi ne ɗan dako, masu ɗaukar kaya a tituna da bakin kogin Tems, su ne suka fi shan ta saboda arha da cika ciki. Ta yi kasuwa har masu dafawa suka riƙa tara ta wata da watanni a gangunan katako masu tsayin gidan sama. Ranar 17 ga Oktoba 1814 ɗaya daga cikin irin waɗannan ganguna ta fashe a masana'antar Meux, giyar ta malale cikin unguwar talakawa ta St Giles, mutum 8 suka rasu.

Shawarar farko da aka ba ni ita ce "giyar ƴan dako". Wata malama ce ta kawo ta, ta ce tunda ma'anar ke nan, a fassara kai tsaye a huta. Da farko ta kwanta mini. Har na rubuta ta.

Washegari na bi ta kasuwar Singa, na tsaya ina jiran mota ta ba da hanya. Wani bawan Allah ya zo wucewa da buhun sukari a kai, ɗan tsumma a naɗe a matsayin gammo, gumi na bin wuyansa, yana cewa "hanya, hanya". Nan take na ji kalmar ta fita daga raina. Bahaushen da zai karanta "giyar ƴan dako" ba Landan ta ƙarni na 18 zai hango ba. Wannan mutumin zai hango, da ƴan uwansa na Kwari da Dawanau, waɗanda ke ɗaukar kaya da azumi a bakinsu. A Hausa in ka ce abu na wane ne, yau ake jin ka, ba shekara ɗari uku da suka wuce ba. Malama, ki yi haƙuri, fassararki daidai ce a ma'ana, amma ba zan rataya wa waɗannan mutane abin da ba su ji ba, ba su gani ba. Tarihin sunan zai shiga cikin bayani, ba cikin sunan ba.

Shawara ta biyu daga wani ɗan uwa a Jos: "baƙar giya". Gajera ce, kowa zai gane. Matsalarta ɗaya, akwai mai ita. Duk wanda ya ji baƙar giya a Najeriya kwalbar Guinness zai tuna, wadda ake yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960, ita kuwa stout ce. Gaskiya ne gidansu ɗaya. Da can ana cewa stout porter, ma'ana mai ƙarfin cikin dangin, daga baya aka yar da rabin sunan. Arthur Guinness da ya kama hayar wurinsa a Dublin a 1759 shi ma daga baya wannan giyar ta Landan ya koma dafawa. Amma yau an raba su, kuma rubutun da nake fassarawa yana jera su a jimla guda. Ko a ƙarfi ma akwai tazara: barasar da ke cikin Guinness ta Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ce, ta porter kuwa yawanci tsakanin 4 da 6 take. Don haka na karɓi "baƙar giya" a matsayin sunan dangi, ba sunan yanka ba.

Shi ɗan uwan nan ya ƙara mini wani abu da ban sani ba. Ya ce in an zuba porter a kofin gilas an ɗaga wa haske, ba baƙa ƙirin ba ce, akwai ja mai duhu a gefe-gefe. Na tambaye shi, kamar zoɓo? Ya ce a'a, ya fi zoɓo duhu, kuma ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Sai wani ya tsoma baki ya ce ai wannan ruwan makuba ne, irin wanda ake yaɓe katanga da shi. Na rubuta nan take. Kumfar samanta kuma ba fara tas ba ce, kamar madarar da aka ɗiga wa shayi.

Inda aikin ya buɗe mini shi ne wajen wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a kamfanin giya a Kaduna kafin ya yi ritaya. Na ce masa, "Baba, wannan malt da suke ta faɗa fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai tsiro ne. Ka jiƙa hatsi, ka rufe shi ya fito da baki, ka shanya. Abin da masu dafa burukutu ke yi da dawa, shi Bature ke yi da sha'ir." Ya tuna mini cewa da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar Arewa kamfanonin suka koma saye. Ashe kalmar tana gida ina nemanta a waje. Ko matan da ba ruwansu da giya sun san tsiro, wasu na sa shi a kunun zaƙi don ya tsinke ya yi zaƙi.

Ya ce duhun launin da duk ɗanɗanon da ake yabo daga gashin tsiron suke fitowa. Da can a kan wutar itace ake busar da shi har ya yi ruwan ƙasa. A 1817 wani mai suna Daniel Wheeler ya fito da gangar ƙarfe mai juyawa a kan wuta, irin ta gasa kofi, wadda ke mayar da tsiro baƙi ba tare da ya zama gawayi ba. Daga nan ɗan kaɗan na baƙin ya isa ya rina tukunya guda.

Da na dawo gida sai na nemi tsiron dawa tafi biyu, na roƙi Inna ta ɗora mini kasko. Ban gaya mata dalili ba, na ce dai ta faɗa mini abin da hancinta ya ji. Tana juyawa da ludayi, ƙwayoyin suka fara ƙara ƙas-ƙas, suka yi ja. Ta ɗauki ɗaya ta tauna ta ce, "Yanzu ya yi gardi." Ta ci gaba. Da suka yi duhu, wani ɗan hayaƙi siriri ya tashi, ta ce, "To ya fara ƙauri, in sauke?" Na ce ta ɗan ƙara. Ba a jima ba ta janye kaskon da kanta ta ce, "Wannan kam ya babbake, ɗaci kawai za ka ji." Na tauna na kowane mataki. Na farko kamar soyayyar gyaɗa mai zaƙi-zaƙi, na biyu kamar ƙanzon tuwo da ɗan ɗacin kofi a bayansa, na uku toka.

Shafi guda marubucin nan ya cika yana kwatanta ɗanɗano da cakulan da kofi da gasasshen burodi. Inna ta gama shi da kalma uku. Abin da masu yabon wannan giya ke nema yana tsakanin gardi da farkon ƙauri. In ya kai ga babbaka, aibi ne.

Sauran kalmomin ɗanɗano ma duk muna da su. Abin da ke kama harshe ya bar shi a bushe, bauri ne, kamar na goro. Wadda ta daɗe a gangar katako takan yi ɗan tsami, kuma mutanen Landan na da sukan gauraya ta da sabuwar dahuwa. Nauyinta a baki kuwa kauri ne. A nan sai a yi hattara, don kauri da ƙauri duka suna cikin wannan bayani, kuma lanƙwasa ɗaya ce ta raba su. Wanda wayarsa ba ta da ƙ, in ya rubuta "tana da kauri", ba a san ko yabon jikinta yake ba ko ƙanshin gashinta. Ina roƙon duk mai ɗaukar wannan fassara ya kiyaye harafin.

Sai kalmar craft, da ake liƙa wa giyar ƙananan masu dafawa. Tana da muhimmanci a labarin, domin wannan giya ta kusa ɓacewa a tsakiyar ƙarni na 20, ƙananan masana'antu ne suka farfaɗo da ita, irin Anchor ta San Francisco da ta fara dafa tata a 1972. Wani ya ce "ta gida". Ban ɗauka ba, don ba a ɗaki ake yin ta ba, sana'a ce mai rajista da ma'aikata, ƙarama dai. Muna cewa ɗinkin hannu, muna cewa saƙar hannu, kuma kowa ya san ana nufin aikin gwani kaɗan-kaɗan, wanda ba na inji mai fitar da dubbai ba. Giya kuwa dafa ta ake yi. Saboda haka "dahuwar hannu".

Ita uwar kalmar fa? Na dawo kan aro, amma aron da ya bi bakinmu. Hausa na mayar da p ta zama f: fasinja, fensir, fetur. Tana kuma yar da r ta ƙarshe: mota, kafinta, direba. In an bi wannan hanya, porter ta zama "fota". Wata ƴar uwa ta ja hankalina cewa ɗaliban jami'a na kiran mai kula da ƙofar ɗakin kwanansu da wannan suna. Haka ne, Yaya, kuma rubutunsu ɗaya a Turanci. Amma ba na jin za a ruɗe, shi namiji ne mai albashi, ita kuwa ana dafa ta ana zuba ta a kofi, jimlar da kanta za ta raba gardama.

Ga yadda na sa a fassarar, karon farko da kalmar ta fito: "fota, wata baƙar giya ce ƴar asalin Landan da ake dafawa da gasasshen tsiron sha'ir, launinta ruwan makuba, tana da gardi da ɗan ƙauri." Daga nan har ƙarshen babi, fota kawai. Inda aka zo kan ta zamani, "fota dahuwar hannu".

Saura guda ɗaya da ta gagare ni, hops, furen wata shuka mai yaɗo da ake jefawa cikin tukunya don ɗaci da ƙanshi, kuma yana hana giyar saurin lalacewa. Ba ya fita a ƙasarmu, Inna ma ba ta da abin da za ta kwatanta shi da shi. Na rubuta "furen hof" da fensir a gefen takarda. Ranar Litinin zan miƙa babin, wanda ke da abin da ya fi wannan ya taimaka kafin nan.