Haɗa bututun gas na injin waje na esi: ina ne ake samun yoyo?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Esi ne mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, gas ɗinsa R32, kuma inda za a ɗora injin waje ya kai mita 8 daga na ciki, bututun da ya zo a kwali bai kai ba. Shin in ƙara wani da noti a tsakiya, ko in sayi sabo dogo? Sannan wasu na cewa ba sai an yi bakum ba, wato zuƙe iskar cikin bututu da famfo, a ɗan saki gas ya kore iskar kawai. Don Allah a fayyace min.

Injiniyan Sanyi:
Wa alaikumus salam. Sayi sabon bututu guda, mara gaɓa. Kowane noti da ka ƙara a hanya wata ƙofar yoyo ce, balle idan zai shige cikin bango inda ba mai sake ganinsa. In dole sai an haɗa, walda ake yi, ana hura naitirojin a ciki, don in babu shi baƙin ɓawo na taruwa a cikin tagullar ya je ya toshe hanyar gas.

Bututun biyu ne, siriri da babba. Siririn inci 1/4 ne. Babban kuwa 3/8 ne ko 1/2, ya danganta da kamfani, sai ka duba bakin bawul ɗin injin kafin ka je kasuwa. Kaurin tagullar kada ya gaza milimita 0.8, domin R32 da R410A sun fi tsohon R22 matsi sosai, kuma mai arhar nan tsagewa take a wajen buɗa baki, wato faɗaɗa ƙarshen bututun don noti ya danne shi a kan bakin bawul.

Wajen buɗa bakin ne aiki yake. Yanka da abin yankan bututu, ba da zarto ba, kana ƙara matsi kaɗan-kaɗan don kada bakin ya lotse. Ka kankare kaifin ciki bakin yana kallon ƙasa, garin tagulla ya zubo waje. Zura notin tukuna, sannan ka buɗa. Wanda ya manta sai ya sake yanka. Faɗin bakin da aka buɗa: kusan milimita 9.1 ga 1/4, 13.2 ga 3/8, 16.6 ga 1/2. Ka ɗaga shi a haske. In ka ga ƙarce, tsagewa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yanke shi ka sake, kada ka ce ɗauri zai gyara.

Daidaita bututun da bakin bawul, ka juya notin da hannu har ya zauna. In ya cije tun farko, zaren ya hau karkace. Sai sifana biyu, ɗaya na riƙe jikin bawul, ɗaya na ɗaurewa. Da sifana mai awon ƙarfin ɗauri: 1/4 wajen 14 zuwa 18 N·m, 3/8 wajen 34 zuwa 42, 1/2 wajen 49 zuwa 61. Siririn shi aka fi kashewa da ƙarfin hannu: bakin ya murƙushe, yau ba yoyo, bayan wata biyu gas ya gudu.

Oga Mai Geji:
Injiniya ya gama da bututu, ni zan taɓa maganar sakin gas. Ƙanena, kada ka yi. Gas ɗin da ka saki daga awon da kamfani ya zuba ne, kuma ba ya fitar da laima. Man kwamfireson R32 da R410A yana shan laima, in sun haɗu su zama asid mai cin rufin wayar kwamfireso. Iskar da ta rage kuma tana ɗaga matsi, injin ya riƙa zafi yana jan wuta. Ga shi R32 na iya kamawa da wuta in ya taru kusa da tartsatsi.

Bawul biyun injin waje suna rufe, ka ɗaura geji, wato ma'aunin matsi, a ƙaramin bakin da ke jikin babban bawul. Yawanci 5/16 ne, tiyon R22 ba zai hau ba sai da mahaɗi. In kana da naitirojin, fara cika layin da shi ka shafa kumfar sabulu a noti huɗun, biyu na injin ciki, biyu na injin waje. Sannan ka saki naitirojin ɗin, ka kunna famfon bakum aƙalla minti 15, a mita 8 gara rabin awa, har allura ta kai -0.1 MPa, ko maikiron 500 ga mai gejin lantarki. Rufe geji, kashe famfo, jira minti 10. Allura ta motsa, akwai yoyo. Ba ta motsa ba, buɗe siririn bawul da alanki, sannan babban, duka har ƙarshe, ka mayar da murafensu ka ɗaure, don su ma suna tare yoyo.

Ɗan Koyo:
Na gode Oga. To gas ɗin da ke cikin injin zai ishi mita 8?

Injiniyan Sanyi:
Littafin injin ne zai faɗa. Da yawa an cika su don mita 5, wasu 7.5 ko 10. Abin da ya haura ana ƙara giram 12 zuwa 20 a kowace mita, wato in naka na mita 5 ne, giram 36 zuwa 60. Da sikeli ake ƙarawa, ba da taɓa bututu a ji sanyi ba.

Mai Lanƙwasa:
Abu uku da ba a ambata ba. Kowane bututu da nasa soson rufi, kada a cusa su cikin ɗaya, kuma a naɗe da tef, don rana na cinye soson ya fara ɗiga ruwa a bango. Lanƙwasa kuma da sifirin ko abin lanƙwasa, ba a kan gwiwa ba. Babban bututu in ya ƙulle, gas ba ya komawa yadda ya kamata, sanyi ya ragu. Lokacin hunturu da ƙura, toshe bakin da tef kafin ka zura shi ta ramin bango.