Gasar zagaye kon ranar Asabar, ga hadari: mu ɗage ko mu yi?

Sadiq_Golf3: Salam 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta shirya gasar autocross a nan Kaduna ranar Asabar, wato mota ɗaya-ɗaya ke shiga tana zagaye kon ɗin roba ana duba agogo. Mota 22 suka yi rajista, mun ba mai fili kafin alƙalami, filin kwalta ne amma gefen gabas ruwa na kwanciya kuma akwai kwata a bayansa. Yanzu hukumar hasashen yanayi NiMet na cewa za a yi ruwa, ga shi Agusta ne. Wanda ya taɓa yi cikin ruwa dan Allah ya faɗa min, mu ɗage ko mu canza tsarin hanyar?

Baban Ilham: Ku nemi filin kwalta kawai, na ƙasa caɓi zai yi.

Sadiq_Golf3: Baba ai na ce kwalta ne.

Habu Maryland: Mu nan Amurka a gasar SCCA, ƙungiyar masu tseren mota ta nan, ruwa ba ya hana komai, walƙiya ce ke tsayar da mu, in an ji tsawa kowa ya shige mota sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Shawarata ka janye hanyar daga gefen gabas ɗin gaba ɗaya, ka rage dogon miƙe don kada a tara gudu, kada kwana mai ƙarfi ta fuskanci kwata ko turken fitila ko 'yan kallo. Taya in ta hau kwantaccen ruwa da gudu tashi take daga kwalta, sitiyari da birki duk su zama ado. Sannan allin da ake zagaye gindin kon da shi wankewa yake, in an buge kon ba a san mazauninsa ba, ga daƙiƙa 2 da ake ƙara wa duk wanda ya ture, nan rigima ke farawa.

Dan_Tudu: Hadari a sama, haɗari a ƙasa, Sadiq a tsakiya 😂

Nura W202: Ni kada wanda ya yi min zancen ruwa ba ya hana komai. Shekara biyu da suka wuce ruwan farko ne ma, yayyafi, duk baƙin man da motoci suka ɗiga tun rani ya taso kwaltar ta koma kamar an zuba miyar kuɓewa. Na zo kwana ta uku na ɗan taɓa birki a kan farin fentin fakin sai bayan motar ya wuce gabanta, yaron da ke ɗaukar kon ya juya baya yana gyara ledar da ya rufe kai da ita, wlh takalminsa ɗaya a ƙarƙashin motata aka ciro, Allah ne ya tsare. Na daki dakalin siminti, rim ya lanƙwashe, tayarod ya karye. Waɗanda suka ce min shiga kawai ba komai ko ɗaya bai tsaya ba, ni da mai janwe muka kai isha, kuma mai filin ya ce sai na biya dakali. Har yau ban ga sisin kowa ba.

Habu Maryland: Allah ya ƙara tsarewa Malam Nura. Amma laifin tsari ne, mai ɗaukar kon ba ya juya wa mota baya, kuma a ba shi jar tuta ta tsayar da mota da silindar kashe gobara a kusa.

Nura W202: Jar tuta za ta biya min rim?

Oga Sani Panteka: Habu da girmanka, can kuna da inshora, nan wa ke da ita? Shekara 20 ina ƙarƙashin mota. Sadiq ka duba tayar kowa da hannunka, wadda zanenta ya suɗe a mayar da shi gida ko ɗan gwamna ne.

Habu Maryland: Oga gyaran mota daban shirya gasa daban. Ka taɓa tsara hanya ko sau ɗaya?

Oga Sani Panteka: Waɗanda kuka tsara wa ni suke kawo wa gawar motar.

Maman Affan: Ni dai mijina ya yi rajista, in babu hular kwano ga kowa ba inda za shi. A Turai doka milimita 1.6 ce ƙarshen zurfin zanen taya, kuma ko hakan ya yi kaɗan a ruwa. Nawa taya mai kyau yanzu?

Baban Ilham: Saiz 15 ta gwanjo na saya dubu 25.

Dan_Tudu: 25? Satin jiya dubu 40 aka ce min, ko taka ta amalanke ce.

Nura W202: Ni 18 na saya, ga inda ta kai ni.

Oga Sani Panteka: To ai shi ne. Masu gwanjon nan wasu sassaƙa zanen suke da wuƙa su shafe da baƙin fenti ka ga taya fes, alhali saura ƙiris waya ta leƙo. Ku duba lamba huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 1217 na nufin sati na 12 a 2017. Wasu har lambar suke gogewa.

Baban Ilham: Yanzu na fita da tocila na duba tawa. An goge. Gobe da ni da mutumin da ya sayar min, har hannu ya ɗaga yana rantse min wai daga jirgi aka sauke ta.

Dan_Tudu: Jirgin Annabi Nuhu ba.

Sadiq_Golf3: Jama'a yau Laraba fa, mai fili ya ce in za mu ɗage kafin alƙalami ya tafi. Mu ɗage ko mu yi?

Maman Affan: Baban Ilham a wace kasuwa ka saya, kada dai mijina ma can ya sayo nasa.