Neman kalma: wane suna za mu ba batam filet ɗin giya?

Salamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da nake so mu tsayar, kuma a ƙarƙashin mota tambayar ta same ni, a garejin Apo da ke nan Abuja.

Ina da Toyota Sienna ƙirar 2005. Ita ke kai yara makaranta a Kubwa, ita ke kai mu Zariya da salla. Kusan sati biyu, kullum na fito da safe sai in tarar da ɗigon mai a ƙasa, kusa da tayar gaba ta ɓangaren direba. Man ja ne, shi ya sa na san na giya ne, don na inji baƙi yake zuwa. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da kowa ke ce wa Baba. Ya leƙa ya ce, "Malam, batam filet ɗinka ne ke zuba." Na ce, "Baba, wanne daga ciki?" Ya ce, "Na giya mana."

To ga inda matsalar take. A ƙarƙashin irin wannan mota akwai ƙarafa biyu masu zurfi, gefe da gefe. Ɗaya baƙin mai yake tarawa, ɗaya man giya. Duka biyun batam filet muke ce musu. Yaron gareji da bai goge ba, ka ce masa ya tsiyaye mai, yana iya kwance notin da ba shi ba, ya zubar da man giya, sannan ya ɗura sabon baƙin mai a kan tsoho. Baba ya ce ya sha karɓar motocin da aka yi wa haka.

Ba ni da faɗa da aron kalma. Mota, birki, sitiyari, taya, lagireto, salansa, duk sun zauna a bakinmu kamar da su aka haife mu. Amma batam filet bai zauna ba. Wani ya ce botom, wani ya ce batam, kuma ban taɓa ganin mutum biyu sun rubuta shi iri ɗaya ba. Sannan ma'anarsa, wato farantin ƙasa, tana sa mutum ya ɗauka marfi ne kawai da ake dannewa da ƙarfi a manta da shi. A littafin motar ma Bature bai kira shi faranti ba. Kalmar da yake kiran abin suya da ita, da ita ya kira shi. Mu kuma da muka ce baƙin mai da gidan mai da jirgin sama, ba za mu rasa sunan wannan ba.

Bari in faɗi yadda abin yake, don suna ya dace da mai shi. Ƙarfe ne marar kauri, mai faɗi, zurfinsa bai kai tsawon ɗan yatsa sosai ba. Yana da leɓe kewaye da bakinsa, da ramukan noti a jere a kan leɓen. A cikinsa man giya ke taruwa da zafinsa. A gindinsa akwai ƙananan mayen ƙarfe da ke kama garin ƙarfen da giya ke ci, a samansa kuma akwai rariyar da mai ke bi kafin famfo ya ja shi.

Da na fara jefa tambayar, wasu sun ce faranti, wasu tire. Waɗannan shimfiɗaɗɗu ne, ba sa riƙe mai lita uku. Marfi kuwa sama yake zama, wannan a ƙasa yake, kuma shi ke ɗauke da kaya. Tukunya ta yi zurfi, daro ya yi girma. Kwano ya kusa, sai dai a gareji idan ka ce kwano, hankalin mutane jikin mota yake tafiya, wajen masu bugun bodi. Tasa ta fi ba ni wahalar ƙi, don ƙarfe ce kuma fasalinta ya yi kama. Amma a tasa ake zuba abinci a ci, ba ta san wuta ba.

Ni kasko na zaɓa. Ku tuna kaskon mai ƙosai: faɗi, ɗan zurfi, leɓe, da mai mai zafi kwance a ciki tun safe. Ku tuna kuma abin da ke taruwa a gindinsa idan an gama suya, baƙin gari-garin nan da ake kankarewa. Haka na gani da idona da Baba ya sauke nawa: wani toka-tokan laka manne a jikin mayen ƙarfen. Ya shafa da yatsa ya murza ya ce wannan ba komai, cin yau da gobe ne. Abin tsoro shi ne ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa ko ka ga yana ƙyalli, nan giya ta fara cin kanta. Kalmar kuma ta raba mana gardamar farko cikin sauƙi: kaskon inji daban, kaskon giya daban.

Akwai amfanin da na fi gani a sunan. Duk wanda ya san kasko ya san idan bakinsa ya lanƙwashe, ba marfin da zai zauna a kai. Abin da ya sami motata ke nan. A wani gareji da aka taɓa canza mini man giya, an ɗaure notocin da ƙarfin tsiya, har leɓen ya kumbura a bakin kowane rami, fakin, wato abin da ake sawa tsakaninsa da jikin giyabos don hana yoyo, ya tsage. Da aka ga yana naso, sai aka lafta masa gam. Jikin giyabos alminiyam ne, notocin ƙanana ne, ƙarfin da kamfani ya yanka musu bai kai nuton-mita 10 ba, wato ɗaurin 'yan yatsu a kan ƙaramin sifana. Gam kuwa idan ya yi yawa, abin da ya fito ta waje irinsa ya faɗa ta ciki, ya je ya toshe rariya.

Yadda Baba ya yi aikin ya burge ni. Bai taɓa noti ba sai da ya wanke wurin tas, ya sa na zagaya da motar, ya sake leƙawa. Dalilinsa shi ne mai gangarowa yake yi: yana iya fitowa daga sil ɗin shaf, wato robar da ke hana mai fita inda sandar juya taya ta shiga giyabos, ko daga tiyon da ke kai man giya lagireto, ya zo ya maƙale a leɓen kasko, a ɗora wa kasko laifi. Da ya tabbatar, ya tsiyaye man a galan mai awo, ya fita lita uku da 'yan kai. Ya kwance notoci ya bar biyu a sassauce don kada ragowar man ya kwararo masa a fuska. Ya kankare tsohon gam a hankali ba tare da ya karce alminiyam ba, ya ɗora leɓen a kan katako ya daddaƙe kumburin da ƙaramar guduma, ya sa sabon fakin a bushe, ya ɗaure notocin yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Man giyar da ya zuba nau'in da Toyota ke kira T-IV ne, shi ne na ƙirar 2005. Na baya-bayan nan wani nau'in mai suna WS suke sha, kuma daga ƙirar 2011 babu ma sandar geji da za ka zaro ka duba. A tawa, sai inji ya yi zafi, yana aiki, mota tana tsaye a wuri daidai, sannan geji ke faɗin gaskiya.

Wani ɗan'uwa ya kawo ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci. Ya ce a rubuce, kaskon giya zai iya kai hankalin mai karatu ga barasa. Gaskiya ne. A baki muna ja wasalin giyar mota, ta sha kuma a taƙaice take fita, amma boko bai nuna wannan bambanci. Shawarata: a gareji a ce kaskon giya, don ba wanda zai ruɗe yana kwance ƙarƙashin mota. A takarda, ko a rasit, ko a saƙon waya zuwa ga mai kayan gyara a Zuba, a rubuta kaskon giyabos.

Wani kuma ya ce ai ba kowace ƙaramar bas ke da shi ba. Haka ne, Honda Odyssey ta shekarun 2000 ba ta da kaskon da ake saukewa, notin tsiyaya kawai gare ta. Dodge Caravan kuma daga kamfani da gam aka manne nata, don haka kada a ji na kushe gam a ɗauka haramun ne a ko'ina. Wannan bai taɓa sunan ba. Inda abin yake, kasko ne.

Saura abin da ke shiga tsakanin kasko da jikin giyabos. Fakin muke cewa, ga shi kuma ajiye mota ma fakin ne. Na kawo gammo, tunda zagayayye ne kuma tsakanin abu biyu masu tauri yake zama. Baba ya girgiza kai ya ce, "Malam, kasko na yarda, amma gammo sauƙin kaya yake kawowa, ba ya hana tulu yoyo." Ban sami amsar da zan ba shi ba. Makanikan Jos da Kaduna da Kano, ku me kuke ce masa a wajenku?