Neman shawara: monita mai lanƙwasa ta 240Hz ta cancanci kuɗinta, ko kwalliya ce kawai?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa.

Wata bakwai ke nan ina zuba adashe don in canza monita. Wadda nake amfani da ita tsohuwa ce, inci 22, 60Hz, yayana ne ya bar min tun ina makaranta. Jiya na leƙa wajen masu kayan kwamfuta a Beirut Road, sai idona ya faɗa kan wata mai lanƙwasa, inci 32, 1440p, an rubuta 240Hz da 1000R a jikin kwalinta. Yaron shagon ya kunna min tseren mota a kai, wallahi sai da na ji kamar ni ke riƙe da sitiyari. Ya kuma nuna min wata miƙaƙƙiya, inci 27, ita ma 1440p amma 165Hz, kuɗinta da kaɗan ya haura rabin na waccan. Abin da na tara zai sayi mai lanƙwasar, sai dai ko kuɗin a-daidaita-sahu ba zai rage min ba.

Kayan da nake da su: PS5, da laftof mai katin hoto GTX 1650. Da rana zanen fosta da katin biki nake yi da CorelDraw. Da dare abokaina uku ko huɗu sukan zo mu buga wasan ƙwallo na FC, in na rage ni kaɗai kuma in buga Call of Duty ko Valorant. Waɗanda suka taɓa amfani da irinta, ku gaya min tsakani da Allah: ƙarin kuɗin nan yana da amfani?

Injiniyan Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi dabara da ka lissafo kayanka, don amsar tana cikinsu, ba a jikin kwalin monita take ba.

240Hz na nufin allon yana iya sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa ɗaya. Iyawa fa na ce. Hoton ba ita ke ƙera shi ba, PS5 ɗinka ko laftof ne ke turo mata. In sun turo 60, to 60 za ka gani, ko da ta 500Hz ka sayo. Tirela ce ka ɗauko haya don kai buhu biyu kasuwa.

PS5 iyakarta 120. Ba ta wuce nan ko a wace monita. Call of Duty da Fortnite suna iya kaiwa 120 ɗin in ka kunna a saiti, amma ƙwallon da kuke taruwa a kai, FC, a 60 take tafiya. Ka ga ke nan a wasan da ka fi bugawa, kashi uku cikin huɗu na ƙarfin monitar yana zaune ba aiki.

Sai laftof. GTX 1650 kati ne na 2019 mai 4GB, an yi shi ne don 1080p. Allon 1080p ɗigon hoto miliyan biyu da ɗoriya ne, na 1440p kuwa kusan miliyan uku da dubu ɗari bakwai. Wato aikin ya kusa ninkuwa. Valorant wasa ne mara nauyi, zai ba ka firem, wato hotuna a daƙiƙa, masu yawa in ka rage saiti. Amma Call of Duty a 1440p a kan wannan katin, ko 60 sai da addu'a.

Ga lissafin da masu shago ba sa yi maka. A 60Hz kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7. A 144Hz ya sauko 6.9. A 240Hz kuma 4.2. Daga 60 zuwa 144 ka ci ribar kusan milisakan goma, wannan ko kakarka ta riƙe maus za ta ji bambanci. Daga 144 zuwa 240 ko uku ba ka samu ba, kuma a kan wannan ɗan ragowar ne ake neman rabin kuɗinka.

Baban Ummi:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. An ce idon ɗan Adam ba ya ganin abin da ya wuce 60. Duk yaudarar 'yan kasuwa ce. Talabijin inci 43 nake bugawa a falo kuma har yau ba wanda ya ci ni uku a jere.

Injiniyan Zariya:
Baban Ummi, da girmanka, wannan maganar tatsuniya ce da ta daɗe tana yawo. Ka ari wayar da ke da allon 120Hz, ka ja shafi sama da ƙasa, sannan ka mayar da ita 60 ka sake ja. Ba sai an yi maka bayani ba. Dalilin da ya sa talabijin ta ishe ka shi ne ƙwallo kake bugawa, ita kuwa dama a 60 take.

Baban Ummi:
To shi ma ai ƙwallon yake bugawa. Ka dawo kan maganata ke nan.

Sarkin Tsere:
Bari in kare mai lanƙwasa tunda na ga an fara yi mata taron dangi. Shekara biyu ke nan ina kan inci 34 mai faɗi, ɗigon hoto 3440 a kwance da 1440 a tsaye, 1500R. Wannan lambar mai R tana nufin girman da'irar da allon zai yi da za a ci gaba da lanƙwasa shi, a milimita. 1000R da'ira ce da daga tsakiyarta zuwa bakinta mita ɗaya ne, 1800R kuma mita ɗaya da ɗigo takwas. Ƙaramar lamba ita ta fi lanƙwasa. Samsung ne suka yayata 1000R ɗin da jerin Odyssey a 2020.

A allo mai faɗi irin nawa lanƙwasar ba ado ba ce. In da miƙaƙƙe ne, gefe da gefen za su yi wa idona nisa fiye da tsakiya, sai na riƙa juya wuya. Da lanƙwasa ko'ina kusan nisa ɗaya yake. In na zauna ina tuƙa babbar mota a Euro Truck Simulator, madubin hagu da na dama duk ina ganinsu da wutsiyar ido. Ba zan koma miƙaƙƙiya ba ko da kyauta.

Amma gaskiya ɗaya ce: kujerar mutum ɗaya aka yi wa ita. Wanda ya zauna a tsakiya shi ne ango. Ku huɗu a kan katifa, biyu suna riƙe da hannun gem biyu suna jiran layi, na gefe zai riƙa ganin ragar da ke kusa da shi a karkace. Kuma kada wani ya ruɗe ka ka sayi mai faɗi irin tawa, PS5 ba ta cika allon 21:9, baƙin fili za ta bar maka dama da hagu.

Hajiya Mai Zane:
Ɗan Gwammaja, kowa ya tsaya kan wasa an manta da abin da ke ciyar da kai. Ni ma zane nake yi, kuma na yi wata uku a kan mai lanƙwasa a wani ofis da na yi wa aiki. Wata rana ina haɗa katin ɗaurin aure mai zanen layi a kewaye, layin sama sai ya riƙa yi min kamar baka. Na goge na sake ja ya fi sau biyar, na jawo rula a cikin manhajar ta nuna min daidai yake, amma idona ya ƙi yarda. Abin dariyar, bayan na saba, da na dawo gida kan tawa miƙaƙƙiya sai na ga kamar tsakiyarta ya kumburo. Kwana biyu kafin idona ya dawo hayyacinsa.

Na biyu kuma launi. Yawancin masu lanƙwasa fanel ɗinsu, wato gilashin allon da ke nuna hoto, irin wanda ake kira VA ne. Baƙinsu baƙi ne wuluk, ya fi na wani irin fanel da ake kira IPS nesa ba kusa ba, shi ya sa fim da tseren dare suke burgewa a shago. Amma ka ɗan gusa gefe, ko kwastoma ya tsaya a kanka yana nuna maka da yatsa, launin da yake gani ba shi kake gani ba. Uwar amarya ta ce maka ruwan zuma take so, a je wajen bugawa ya fito ruwan ƙasa, wa zai biya? Ka tambayi mai shagon ko ta inci 27 ɗin IPS ce. In ita ce, ni ko shawara ba zan tsaya yi ba.

Ɗan Gwammaja:
Hajiya na gode ƙwarai, wallahi ban ma yi tunanin aikin ba. Na kira yaron yanzu, ya ce IPS ce. Mai lanƙwasar kuma VA.

Ɗan Sabon Gari:
Ƙari a kan maganar Hajiya: VA masu araha suna jan inuwa a wuri mai duhu. Ka juya da sauri a cikin ɗaki mai duhu a Call of Duty, sai ka ga baƙin yana bin hoton kamar hayaƙi. Masu tsada sun rage matsalar sosai, amma ka gwada da idonka. Kada ka yarda da 1ms ɗin da ke jikin kwali, wato wai allon yana canza launi cikin milisakan ɗaya, kusan kowa haka yake rubutawa.

Sannan mu da yawanci sabar Turai muke shiga, jinkirin intanet ɗinmu yakan haura milisakan 100. Mutum yana fama da ɗari yana neman biyan kuɗi don ya rage uku. Ni da kuɗin ne a hannuna intanet zan fara gyarawa.

Oga Mai Gyara:
Ni daga teburin gyara zan yi magana. Abu biyu ke kawo min monitocin nan: wuta da fashewa.

Watan da ya wuce wani yaro ya kawo min mai lanƙwasa inci 32 da ya sa aka turo masa daga Legas a mota. An ɗora mata kaya a but. Daga waje ko ƙwarzane babu, muka kunna sai ga wani baƙin tabo kamar an zubar da tawada daga kusurwa, da layuka masu launi suna gangarowa. Allon mai lanƙwasa ba ya son dannawa ko kaɗan, ko ɗaukarsa za ka yi ba a kama shi ta baki da yatsu, ta ƙasa da baya ake tallafa. Kuma in fanel ya fashe magana ta ƙare, don kuɗin sabon fanel, in ma an samu, ya kusa na sabuwar monita. Yaron nan a shagona ya zauna ya yi shiru ya fi minti goma.

Wuta kuwa kun san halinta. Ba ɗaukewar ce ke kisa ba, dawowar ce. Ka ce kuɗinka kaf za su tafi a monita, to da me za ka kare ta? PS5 da monita a jikin soket kai tsaye, ga janareta ana canzawa, wannan ganganci ne. Ka sayi ƙaramar, ragowar ka sa a UPS mai daidaita wuta.

Duk wadda za ka saya, kada ka bar shagon sai an kunna. Ka sa hoto fari fat ya cika allon, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ka matso da ido ka nemi mataccen ɗigo. Ka karɓi rasit da sharaɗin canji a rubuce. Kwalin da farin soson cikinsa kuma ka adana, ranar tashi daga gida za ka gode min.

Sarkin Tsere:
Oga ya tuna min. In ka haɗa da laftof ka shiga saitin allo na Windows ka zaɓi Hz ɗin da hannunka, don sau da yawa a 60 yake barinta. Ni wata biyar na yi ina yi wa mutane kurin 144Hz, ashe a 60 nake. Wani ƙanena ɗan sakandare ne ya gano.

Injiniyan Zariya:
Sarki, ka ce dai kuri kake sha ba Hz ba. Ɗan Gwammaja, abu na ƙarshe daga gare ni: ka ɗauki laftof ɗinka ka je da shi shagon. Yawancin laftof masu wannan katin ramin HDMI 2.0 gare su, shi kuwa a 1440p iyakarsa 144Hz. Kafin ka ga 240 a wannan girman sai da DisplayPort ko HDMI 2.1. Ka haɗa ka gani da idonka.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a na dawo. Na je da laftof kamar yadda Injiniya ya ce. Muka haɗa da mai lanƙwasar, jerin Hz ɗin ya tsaya a 144, babu 240 ko alamarsa. Yaron shagon ya canza waya har sau biyu, haka dai. Muka haɗa da miƙaƙƙiyar, ita ma 144 ta ba ni maimakon 165. Wato a hannuna dai gudunsu ɗaya.

Na buɗe wani katin biki da nake kan yi a duka biyun, na koma gefe na tsaya inda kwastoma ke tsayawa. Hajiya, maganarki dutse. Na ɗauki inci 27 ɗin, na yi gwajin launukan Oga babu mataccen ɗigo, na haɗa da UPS, har da canjin cin tsire. Ba zan ɓoye muku ba, da zan fita sai da na waiwayi mai lanƙwasar, tseren motar nan yana ta gudana a kanta.

Saura tambaya ɗaya: na haɗa PS5 amma hoton kamar a 1080p yake fitowa. Ko sai na sayi wata waya?

Injiniyan Zariya:
Allah ya sa albarka, a kashe lafiya. Ba sai ka sayi komai ba, wayar da ta zo a kwalin PS5 ta wadatar. Sony sun ƙara 1440p tun watan Satumban 2022. Ka shiga saitin allo da bidiyo, akwai wurin gwada 1440p, ka bari ya gama gwajin sannan ka zaɓa. A nan ƙasa kuma ka bar 120Hz a kunne saboda Call of Duty.

Baban Ummi:
Ranar Asabar ina tafe da hannuna. Mu ga ko 144 ɗin za ta tare maka fanareti.