Wa ya taɓa kama Vesta da madubin hangen nesa na hannu?

Mai Duban Sama: 'Yan uwa, waɗanda suka kama Vesta su faɗa mana dabara. Ita ce mafi haske cikin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin Mars da Jupiter. Heinrich Olbers ya gano ta a Bremen ranar 29 ga Maris, 1807. Faɗinta kusan kilomita 525, tana kammala zagaye a shekara 3.63.

Ɗan Tudu: Madubi mai ido biyu 10x50 (mai ƙara girma sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50) ya wadatar. Lokaci ne abin lura: a jira sa'ad da duniyarmu ta shiga tsakaninta da rana, wanda ke dawowa kusan duk wata 16 da rabi. Hasken ma ba ɗaya ba ne, don nisanta da rana yana sauyawa. A Yunin 2018 ta kai ma'aunin haske 5.3, ido ma yana kama ta a ƙauye; a Disambar 2023 kuwa 6.4, sai da madubi. Ƙaramar lamba ce haske mai yawa.

Uwar Taurari: Ƙanina, abin da ke ruɗa mutane shi ne ba ta da wata alama. Ɗigo ce kawai, ko a babban madubi. Motsi ne shaidarta. Ka zana taurari biyar ko shida na kewayenta a takarda, ka dawo washegari. Tana gusawa kamar rabin faɗin wata a kwana, zuwa yamma. Amma makonni shida kafin lokacin da duniya ke shiga tsakaninta da rana ko bayansa takan yi kamar ta tsaya cik, kwana uku ba ka ga bambanci ba, sai ka ɗauka tauraro ka kama.

Ɗan Tudu: Gaskiya ne, Yaya. A kula da hannu kuma: rawarsa na ɓatar da ɗigon. A ɗora gwiwar hannu kan katanga ko rufin mota.

Malamin Kimiyya: A Stellarium, manhajar kwamfuta mai nuna taswirar sama, in Vesta ba ta fito ba a shigo da ita ta sashensa mai suna Solar System Editor, a sabunta bayanan zagayenta, in ba haka ba wurin da zai nuna ya kauce. A ba ido minti 20 cikin duhu, kar a kalli hasken waya. Farin wata da hazon hunturu duk suna shanye ta, gara daren duhun wata bayan ruwa ya wanke sama.

Uwar Taurari: Kar wanda ya sa ran ganin ramin Rheasilvia da ke jikin Vesta, mai faɗin kilomita kusan 500. Wannan sai a hotunan kumbon Dawn, wanda ya zagaya ta daga 2011 zuwa 2012.